Goggon da Na Ɓata wa Suna

Fim ɗin Nowhere Boy, wanda ya fito a Ingila a 2009, labarin samartakar John Lennon ne tun duniya ba ta san da zamansa ba. Daga farkonsa har ƙarshe ba a ambaci sunan Beatles ba. Sam Taylor-Wood ce ta ba da umarni, Matt Greenhalgh ya rubuta shi bisa littafin Julia Baird, ƙanwar Lennon ta wajen uwa. Ya ɗauko yaron daga 1955, shekarar da George mijin innarsa ya rasu, ya sauke shi a 1960 yana haramar tafiya Hamburg ta ƙasar Jamus. A tsakani akwai haɗuwarsa da Paul McCartney a harabar wani coci a Woolton cikin Yulin 1957, akwai ƙungiyarsu ta 'yan makaranta mai suna Quarrymen, amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Gundarin labarin mata biyu ne. Akwai Mimi, yayar uwarsa, wadda ta riƙe shi tun yana ɗan shekara biyar, mace mai tsare gida da ƙa'ida. Akwai kuma Julia, uwar da ta haife shi, mai raha da son kiɗa, suna gari ɗaya amma ba a hannunta yake ba. Ita ta koya masa kaɗa banjo. Ran 15 ga Yuli 1958 mota ta kaɗe ta ta mutu, yana da shekara 17.

A Anaca na kalle shi, cikin irin faifan nan da ake cusa wa fina-finai barkatai, wanda muke saye a titin Iweka inda dillalan fim suka yi dandazo. Lokacin muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin unguwa, 'ya'yan masu shanu da masu albasa da 'yan canji. Wasan Sallah muke yi, daga baya muka sami mai kyamara sai buri ya ƙaru. Ni ne marubucin ƙungiya, don kawai na fi sauran nisa a boko. Fim ɗin ya shige ni ƙwarai, na tashi daga kallonsa da wata fahimta da na ɗauka ilimi ce: wai duk mai baiwa akwai ciwon da aka ji masa yana yaro, aikin marubuci kuwa ya tono ciwon ya nuna wanda ya ji masa shi. Da wannan fahimta a aljihu na tafi wajen Baba.

Ba zan faɗi sunansa ba, ɓarnar da na yi wa gidansu ta isa. Makaɗin kalangu ne na mahauta, gado ba haye ba, kuma ko a lokacin tsufa ya fara cin hannunsa, in ya matse tsarkiya a hammata ya kaɗa taken fawa sai ka ga dattawan kara sun gyara zama. A Inugu aka haife shi. Mutanen gida da yawa sun ɗauka jiya Bahaushe ya fara zama a ƙasar Ibo. An gano kwal a yankin Udi a 1909, jirgin ƙasa ya haɗa Inugu da Fatakwal a 1916, daga baya layin ya haura ta Makurdi da Kafancan ya haɗu da na Kaduna. Shanun da a da sai a ƙafa suka hau tarago, mahauta suka biyo shanu, makaɗa suka biyo mahauta, masu tuwo suka biyo kowa da kowa. Zaman ya yi ƙarfi har a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. A wannan Inugun Baba ya yi wayo.

Tsakiyar shekarun 1960 garin na tashe da kiɗa. Hedikwatar Jihar Gabas ce, tana da rediyonta, tana da talabijin tun 1960. Manya na rawar hailaif, faifan Rex Lawson na Fatakwal da na Osita Osadebe suna tashi a kowane kanti, samari kuwa sun rungumi gita suna kwaikwayon Elvis Presley da Cliff Richard da su Lennon ɗin kansu. Sonny Okosun, ɗan ma'aikacin reluwe, a nan ya fara da ƙungiyar Postmen. Baba yana ɗan shekara goma sha biyar zuwa sha shida ya raba kansa biyu. Da asuba yana bayan ubansa a mahauta da ɗan ƙaramin kalangunsa, da dare ya sulale zuwa wani otal inda wasu samarin Ibo masu gita suka ba shi konga, don sun ga hannunsa ba irin nasu ba ne. Da na ji wannan sai na ce a raina, ga Lennon ɗinmu.

Ya ba ni labari da sakin jiki, yana yi yana dariya. Shi ɗan fari ne. Ana yaye shi aka miƙa shi ga goggonsa, yayar ubansa, mai tuwon sayarwa ga fatake. Uwarsa na nan, katanga ce kawai tsakaninsu, har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wuri. Sai kuma ya zo kan wani dare. Suna tsakiyar kiɗa, wuri ya cika, sai ga Goggo da mayafinta cikin otal, matar da ko hanyar wurin ba ta taɓa bi ba. Ta ratsa masu rawa, ta kama kunnensa, ta ja shi har titi mutane na shewa. Ya ce da ni: "Wallahi ɗan nan, har muka kai Kafancan ban yi mata magana ba."

Kafancan ɗin nan na ji ta da kunnena, na kuma rubuta ta a littafina. Ya faɗa mini watan, ya faɗa mini shekarar: Oktoban 1966. Wato bayan kashe-kashen da aka yi wa dubban 'yan Gabas a garuruwan Arewa, jirage na sauke gawarwaki da masu raunuka a tashar Inugu, ramuwar gayya ta fara taɓa 'yan Arewa mazauna Gabas, Laftanar Kanar Ojukwu kuma ya ce duk wanda ba ɗan jihar ba ya fita don ba zai iya lamunce masa tsaro ba. A wannan daren ne Goggo ta shiga otal.

Ni kuwa da na zauna rubutu sai na cire shekarar. Na bar otal, na bar mayafi, na bar kunne da shewa, na mai da daren wani daren Asabar kawai cikin zaman lafiya. Da aka cire 1966, abin da ya rage shi ne tsohuwa mai baƙin ciki da baiwar yaro ta zo ta tozarta shi a gaban abokansa. Da na ga ta fara kama da Mimi sai na ƙara mata gishiri. A fim ɗin Turawa Mimi ta sayar da gitar John don sakamakon makarantarsa ya ɓaci. Ni sai na sa Goggo ta ɗauki taɓarya ta farfasa kalangu a tsakar gida. Uwar kuma na sa a riƙa nuna ta tana kau da kai, yaro na tsaye a bakin ƙofa, aka ɗora kiɗan tausayi a ƙasa.

A lokacin ina da hujjoji, kuma ba duka ne na ƙarya ba. Ba mu da kuɗin tashar jirgi da taron masu gudun hijira. Sannan akwai tsoro. Duk wanda yake Anaca a Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri kan zanen ɓatanci ya jawo ramuwa a nan, aka ƙone masallatai, mutanenmu suka tsallaka gada zuwa Asaba wasu suka fake a bariki, ya san dalilin da zai sa ƙungiyar samarin Hausawa ta ƙi haska fim mai maganar 1966 a wannan gari. Da waɗannan ne kaɗai suka hana ni, da sai in bar daren gaba ɗaya, in nemi wani labarin. Ban bar shi ba saboda yana da daɗin kallo, kuma siffar da na aro tana buƙatar mugu. Zanen aro ne, na ja shi ya rufe sama, katara ta fito. Mafi muni, a farkon fim ɗin na sa aka rubuta cewa labarin ya faru da gaske, laƙabin da aka san Goggo da shi a zango kuma na bar shi yadda yake, wai don a ji ƙanshin gaskiya.

Da Sallah muka haska shi a gidan kallon ƙwallo, aka cika maƙil. Yarinyar da ta fito a Goggo ta iya wasa fiye da kima, har wata mata ta tashi tana zaginta a allo. Na sha yabo. Baba bai zo ba, ba ya fita da dare, na ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Daga nan fim ya shiga wayoyi, masu tura fina-finai suka kwafa, direbobin manyan motoci da yaransu suka kai shi Inugu, suka kai shi Fatakwal.

A Fatakwal ɗin 'yar Goggo take aure, dattijuwa ce mai jikoki. Wani biki ya kawo ta Anaca, ta aiko a kira ni. Na same ta a kan tabarma, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa.

"Ɗana, kai ne ka rubuta abin nan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ka san ta?"

"Ban riske ta ba, Hajiya."

"To ni na sha nononta."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce jikokinta a Islamiyya yara na kiransu jikokin mai fasa ganga. Ta ce kalangu gadon gidansu ne, ina Goggo za ta fasa abin da ubanta ya ci abinci da shi? Da kuɗin tuwo take biyan mai yi masa sabuwar fata duk lokacin da ta huje. Otal ne ba ta so, saboda giya da matan banza, kuma wace uwa ce za ta so? A wancan makon ta sayar da tasoshinta da sarƙarta a wulaƙance don a sama musu wuri a jirgi. Da asuba za a tashi, aka nemi yaro aka rasa, mutane suka ce ta bar shi ya biyo baya, ta ce ƙafarta ƙafarsa. "Kalangun da ka ce ta fasa," in ji Hajiya, "a Inugu aka baro shi, tare da turminta da gadonta da komai."

Daga nan na wuce wajen Baba. Ashe ya daɗe da kallo a wayar wani jikansa, ya ƙi cewa komai don kada ya ba ni kunya a gaban abokaina. Ya ce: "Na ba ka labarin ranar da aka ceci raina, ka mai da ita ranar da aka wulaƙanta ni. Wannan sai in ce yarinta ce. Amma uwata fa? Kai ba Bahaushe ba ne?"

Wannan tambaya ta fi komai yi mini zafi, don ba ni da inda zan fake. Na san alkunyar ɗan fari. Yayana ɗan fari ne, uwarmu har yau "wancan" take ce masa, kuma kowa a gidan ya san shi ta fi damuwa da shi. Na san riƙo. Gidajenmu cike suke da 'ya'yan da goggo ko kaka ko kawu ya riƙa, iyayensu na raye, lafiya lau. Ba na cewa kowane riƙo alheri ne, akwai 'yan riƙon da aka mayar bayi kuma labarinsu ya cancanci fim. Amma a Liverpool, garin su Lennon, a shekarun 1950, yaron da innarsa ke riƙo uwarsa na nan kusa alama ce ta gida ya rushe, akwai abin da ake ɓoyewa. A zangon Inugu kuwa alama ce ta gida na tsaye. Na ɗauki abin da yake ciwo a can na liƙa shi inda ba ciwo ba ne. Kuma kyamara ba ta da alkunya. In ta nuna mace ta kau da kai daga ɗanta aka sa kiɗan tausayi, ƙiyayya mai kallo zai gani, balle yaran da aka haifa a nan Gabas, waɗanda Ibo da buroka suka fi Hausa zama a bakinsu, da yawansu ba su taɓa ganin tsohuwar alkunya da idonsu ba. Na koya musu karanta kakanninsu a karkace.

Baba ya tuna mini da wani abu da shi ma yana cikin littafina. Wanda ya je ya gaya wa Goggo inda yake a daren, ya kuma rako su har tasha yana gaba suna biye don kada a tare su, mai gitar ƙungiyar ne, saurayi ɗan Ibo. Bayan an gama yaƙin basasa a Janairun 1970 Baba ya dawo Gabas, ya neme shi a Inugu bai same shi ba, sannan ya gangaro Anaca ya zauna. Ni da nake tsoron labarin 1966 zai tayar da husuma, sai ga shi na yanke wurin da ya fi kowane wuri iya kwantar da ita. Tsoron bai bar ni na karanta abin da na rubuta da hannuna ba.

Daga baya na koma na sake kallon Nowhere Boy, na kuma karanta abin da aka rubuta a kansa. Su ma sun taɓa tarihi. A fim George ya yanke jiki ya faɗi a gaban John, alhali lokacin da ya rasu yaron na can Scotland wajen dangi. A fim John ya naushi Paul bayan jana'izar Julia, McCartney ya fito ya ce wannan bai taɓa faruwa ba. Har labarin nan na Blackpool a 1946, inda aka ce an tsayar da ɗan shekara biyar ya zaɓa tsakanin uwa da uba, marubucin tarihi Mark Lewisohn a littafinsa na 2013 ya kawo shaidar wani abokin uban da ya ce ba haka aka yi ba. Duk da haka sun fi ni adalci nesa ba kusa ba. Mimin da ta sayar da gitar ita ce tun farko ta kai shi kanti ta saya masa, kuma kafin fim ya ƙare an nuna cewa tsaurinta so ne, an rufe da bayanin cewa bai daina kiranta a waya ba har ƙarshen ransa. A zahiri ma ya saya mata gida a Poole a 1965. Ashe rabin farko na fim ɗin kawai na kwaikwaya. Abin da ya haɗa mu da su shi ne, duk wanda aka fi taɓawa ba ya nan balle ya kare kansa. Julia ta mutu a 1958, an harbe Lennon a New York a 1980, Mimi ta rasu a 1991. McCartney ne kaɗai mai rai da bakin da duniya ke ji, kuma nasa ɓangaren ya gyara. Goggo ba ta da kowa sai 'ya ɗaya a Fatakwal, ita ma sai da biki ya kawo ta.

Ina wannan rubutu ne don na san wata rana Kannywood za ta waiwayi samartakar manyan mawaƙanmu, kuma ya kamata ta waiwaya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, haye ya yi wa waƙa. Ya taso a Musawa yana tallan goro, mahaifinsa Ibrahim Yaro bai so ɗansa ya shiga abin da ake gani roƙo ne ba. Marubuci irina na wancan lokaci da ya ji haka ya sami mugunsa, zai ba dattijon bulala da zare ido ya wuce, ba tare da ya nuna wa mai kallo matsayin maroƙi a ƙasar Katsina ta lokacin ba, da abin da uba ke gudar wa ɗansa wajen aure da mutunci. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, sunansa ma ya isa ya ruɗi marubuci ya cika fim da hawaye, alhali Sarkin Bukuru ne ya ɗauke shi ya riƙa bayan rasuwar iyayensa, riƙon da ya kai shi ga kuntigi da duniya. Aƙalla shi Shata yana da littafi, Shata Ikon Allah! na su Ibrahim Sheme da ya fito a 2006, wanda za a iya buɗewa a ƙaryata mai ƙarya. Makaɗan zango irin su Baba ba su da ko shafi ɗaya. Duk abin da ɗan fim ya fara faɗa a kansu shi ne zai zauna.

Na je Fatakwal na ba Hajiya haƙuri a gaban 'ya'yanta. Ta ce ta yafe nata, na uwarta kuwa ba a hannunta yake ba, in je in yi mata addu'a. A wasan Sallar da ta biyo baya, kafin a fara, na tashi na faɗa wa jama'a cewa fasa kalangu ƙirƙirata ce, na faɗi shekarar da na cire da dalilin shigar Goggo otal. Wasu suka yi tsit, wasu suka ce a fara wasa dare na yi. Mun zaunar da Baba a gaban kyamara ya ba da labarin da bakinsa, da watansa da shekararsa da mai gitarsa. Ƙungiya ta rabu biyu a kan fitar da shi, masu tsoro suna da hujja kuma ban isa in raina ta ba, ƙarshe aka ba iyalan kowa kwafinsa aka tsaya nan.

Tsohon fim ɗin kuwa na goge shi daga duk inda hannuna ya kai, amma masu tura fina-finai ba su san wannan ba. Sun ma canza masa suna, yanzu Muguwar Goggo suke ce masa. Kwanakin baya wani saurayi daga kasuwar shanu ta Lokpanta ya nemo lambata ya kira, ya ce fim ɗin ya karɓu a wajensu, yaushe na biyu zai fito. Na yi masa bayani tun daga 1966 har zuwa tabarmar Hajiya, ya saurara da ladabi. Da na gama ya ce, to Malam, in ba za ku yi ba, su suna da mai kyamara.